KAMA DA WANE BA TA WANE: LITTAFI, ƘAMUS DA KUNDI

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a unguwar Sabo, Mokola, Badun)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamanmu da malamanmu, shugaban wannan zama, iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwa, malaman makaranta, ɗalibai, da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi mana barka da haɗuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan taro da alheri, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.

Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne sunayen da muke kiran littattafan koyarwa da na bincike. Na san wani zai ce a ransa, to, mene ne abin tara mutane a kan wannan? Littafi ai littafi ne. Ku yi mini haƙuri kaɗan, jama'a. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Muna da littafi, muna da ƙamus, muna da kundi, ga matani, ga sharhi, ga hashiya, ga jagora, ga manhaja, ga ƙasida. Duka takarda ce da tawada, amma kowanne da aikinsa. Wanda bai rarrabe su ba zai sayo wa ɗansa abin da ba shi yake bukata ba, ranar rabon gado kuma ya watsar da abin da kuɗi ba ya saye.

Mu nan Sabo abin ya fi shafarmu. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, yau fiye da shekara ɗari ke nan. Yaran da muke haifa suna tashi da harshe huɗu a kunne: Hausa a gida, Yarbanci a titi da kasuwa, Turanci a makarantar boko, Larabci a makarantar allo da Islamiyya. Maƙwabtanmu suna cewa iwe, su haɗa littafi da takarda a kalma ɗaya. Yaronmu ya ji haka, ya zo gida kome ya gani da rubutu ya ce littafi, wani ma ya ce buk. In sunan abu ya ɓace wa yaro, sanin amfaninsa shi ma yana kan hanyar ɓacewa.

GANE SU TA AIKIN DA AKE YI DA SU

Ga wata hanya mai sauƙi. Ku saurari yadda dattawa suke magana. Za ku ji an ce wane ya sauke Risala. Za ku ji an ce je ka duba ƙamus. Za ku ji an ce wane ya gaji kundin mahaifinsa. Ba ku taɓa jin an yi walimar saukar ƙamus ba, ko kun taɓa ji? Haka nan ba a zuwa kanti a ce a ba ni kundi guda biyu. To, a nan rabon yake. Akwai littafin da ake saukewa, akwai wanda ake dubawa, akwai wanda ake gada. A kan waɗannan uku zan tsaya.

Kafin nan, ita kanta kalmar littafi. Daga Larabci muka samo ta, wato alkitabu, harshen Bahaushe ya tauna ta har ta zama tamu. Haka allo, haka alƙalami, haka tawada. Takarda kuwa masana harshe sun ce ta hannun Buzaye ta iso mana, tare da ayarin da yake ratso Sahara. Littafi shi ne babban suna, kamar a ce dabba. Amma wanda ya je kara ba ya cewa a sayar masa da dabba kawai. Sai ya ce sa, ko bijimi, ko karsana, ko maraƙi. Dillalanmu na shanu da suke zaune a nan sun fi ni sanin wannan.

Alƙur'ani mai girma shi ba a jera shi a wannan lissafi. Yana da sunansa, kwafinsa kuma mus'hafi ake ce masa, ana lissafa shi da izu sittin. Yaro yana fara shi a allo, daga babbaƙu zuwa farfaru, har Allah ya nufa ya sauke.

NA FARKO: WANDA AKE SAUKEWA

Wannan shi ne littafin koyarwa. Alamarsa ita ce ana bin sa daga bango zuwa bango, a gaban malami, darasi bayan darasi, ba a tsallake.

A makarantar ilmi, wato karatun zaure, sunansa matani. Matani shi ne ainihin maganar mai littafi, a dunƙule, ba ƙari. Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya san jerin: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar. Risala ta Ibn Abi Zaid ce, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, wato 996. Ku duba fa, sama da shekara dubu, har yau ana biya ta a zaurukanmu. A fannin nahawu kuma a fara da Ajurumiyya, a gangara zuwa Alfiyya ta Ibn Malik.

A cikin matani ma akwai bambanci. Muhtasar ma'anarsa abin da aka taƙaita. Shaihu Halil ya matse fiƙihun Malikiyya ya zuba a ɗan littafi, har ya zama kalma ɗaya tana ɗauke da hukunci guda. Shi ya sa ba mai karanta shi shi kaɗai ya ce ya gane. Wanda aka tsara a baitoci kuma nazamu ne, an yi shi haka don a ji daɗin haddacewa. Alfiyya ta samo sunanta daga alif, wato dubu, saboda baitocinta wajen dubu ne. Risala kuwa asalin ma'anarta wasiƙa, saƙo daga malami zuwa ga masu koyo.

A ɓangaren boko muna da littafin karatu da littafin darasi, kuma ba ɗaya ba ne. Littafin karatu shi ne wanda yake koya wa yaro karatun kansa, ya saba da haɗa baƙi, ya ji daɗin labari. Waɗanda suka yi firamare a Arewa sun tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Sama da su akwai Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, littafi uku, da aka fara bugawa a 1937. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta sa aka rubuta shi, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa da harshensu. Yaranmu da suke makarantun garin nan sun san ɗan'uwansa na Yarbanci, wato Alawiye na J. F. Odunjo. Aikinsu ɗaya: su sa yaro ya iya karatu da harshen da ake magana da shi.

Littafin darasi kuwa shi ne na fanni guda, na aji guda: lissafin aji huɗu, kimiyyar aji biyu na sakandare, da sauransu. Yana tafiya ne bisa manhaja. Ita manhaja ba littafin yaro ba ce, tsari ne da hukumar ilmi take fitarwa na abin da za a koyar a kowane aji. In manhaja ta canza, littafin darasi ya tsufa ko da bangonsa sabo ne ful. Iyaye, a nan kuɗinku yake zurarewa. Kafin ka sayi littafin darasi na hannu a bakin titi don ya fi araha, tambayi malamin ajin ko shi ake amfani da shi bana. Yanzu kuma samari sun ara wa kalmar manhaja wata ma'ana, suna kiran abubuwan da ake saukewa a waya da ita. Ba laifi, harshe haka yake tafiya, sai dai a san wadda ake nufi.

Sai jagora. Jagora shi ne mai riƙe wa makaho sanda, daga nan aka ɗauko sunan. Akwai jagoran malami, mai nuna masa yadda zai koyar da littafin darasi. Akwai jagoran mahajjaci, akwai jagoran manomi. Jagora yana nuna hanya ne, tafiyar kuwa taka ce. A nan nake so in ja kunnen ɗalibanmu game da 'yan ƙananan littattafan nan da suke cika kasuwa gab da jarrabawa, masu taƙaita darasi da masu tara tambayoyin shekarun baya. Don bita aka yi su, bayan an riga an yi karatun. Yaron da bai buɗe littafin darasi ba ya rungumi waɗannan, kamar wanda ya tsallake Ahalari ne ya ce zai fara da Muhtasar. Zai haddace, amma in aka juya masa tambaya sai ya tsaya yana kallon silin.

Ƙasida ita ce 'yar ƙaramar takarda mai shafi kaɗan a kan magana ɗaya, kamar ta rigakafi ko ta zaɓe. A jami'a kuma takardar da malami ya gabatar a taro ita ma ƙasida ake ce mata, ko maƙala. Mujalla kuwa ga ta a hannunku, mai fitowa lokaci lokaci. Mujalladi daban: shi ne kashi ɗaya na babban littafin da ya fi ƙarfin bango guda. In an ce tafsiri mai mujalladi huɗu, ka sayo uku, to, ba ka sayi littafin ba tukuna.

NA BIYU: WANDA AKE DUBAWA

Wannan ba a sauke shi. Ajiye shi ake yi kusa da hannu, in an ci karo da abin da ya shige duhu a buɗe, a sami biyan bukata, a rufe. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. To, wannan shi ne littafin da ake tambaya.

Sarkinsu shi ne ƙamus. Kun san asalin ma'anar kalmar nan? Teku. Wani babban malami, Fairuzabadi, wanda ya rasu a garin Zabid na ƙasar Yaman a 817 bayan Hijira, ya tara kalmomin Larabci a littafi ya sa masa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye kome. Littafin ya shahara ƙwarai, har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. Kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, ko ba shi ba ne. Larabawa suna da wata kalmar, mu'ujam, amma mu ƙamus muka ɗauka. Kuma ku lura, duban ƙamus shi ma sai an koya. A cikin na Fairuzabadi ana neman kalma ne ta harafin ƙarshe na tushenta. Wanda bai san haka ba sai ya wuni yana juya shafi ya ce babu.

Harshen Hausa ma yana da nasa tekunan, kuma ya kamata kowane ɗan Sabo ya san su. A 1876 wani Bajamushe mai suna Schön ya buga ƙamus na Hausa, kuma yawancin Hausar da ya sani daga bakin wani yaro Bahaushe ya same ta, Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Barth har Ingila. A 1934 aka buga na Bargery, mai kalmomi wajen 39,000. Har gobe ba a yi wanda ya fi shi tara tsofaffin kalmomi ba. Yana gaya maka wannan ta Kano ce, wannan ta Katsina, waccan ta Sakkwato. Ga wanda yake son kalmomi masu kama da juna, ya buɗe kalmar ƙato a ciki, zai tarar da jeri mai tsawon gaske na kalmomin da Bahaushe yake siffanta babban abu da su. A 1949 sai ga na Abraham, wanda ya yi tare da Malam Mai Kano. Shi wannan Abraham ɗin dai shi ne ya yi babban ƙamus na Yarbanci a 1958. Ashe kun ga mu da masu masaukinmu hannu ɗaya ya yi mana aiki.

A 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, wanda 'yan makaranta da ma'aikata suka daɗe suna amfani da shi. A 1977 aka fitar da Sabon Kamus na Hausa zuwa Turanci, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, da taimakon Ibrahim Yaro Yahaya. Kun san inda aka buga shi? Nan Badun, a kamfanin ɗab'i na Oxford, wanda daga baya ya koma University Press, can Jericho. Littafin Hausa ya fito daga garin nan ya tafi Arewa, kamar yadda goro yake tafiya, mu kuwa da muke maƙwabtaka da inda aka yi shi gida nawa ne a cikinmu yake da shi? Kowa ya ba kansa amsa.

Duk waɗancan masu harshe biyu ne, suna kai ka daga Hausa zuwa Turanci ko daga Turanci zuwa Hausa. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda yake bayyana Hausa da Hausa. Ga yaran da aka haifa a Kurmi, wannan bambanci babba ne. Yaron da Turancinsa ya fi Hausarsa ƙarfi, mai harshe biyu zai fara riƙewa. In ya ɗan yi ƙwari sai a miƙa masa na Hausa zalla, domin a nan ne zai ga kalma tana zaune cikin danginta. Na Bargery an sa shi a intanet, mai waya yana iya nemansa. Amma ku yi hattara da fassarar da waya take yi nan take. Tana da amfani in ana sauri, sai dai takan ba ka kalma ɗaya a inda ƙamus zai ba ka biyar ya ce zaɓi.

A karatun zaure, littattafan dubawa su ne sharhi da hashiya. Sharhi shi ne bayanin da wani malami ya yi wa matani, yana warware shi jumla jumla. Hashiya asalin ma'anarta gefe, wato bayanin da aka rubuta a gefen sharhi. Ga misali: Halil ya yi Muhtasar, Dardiri ya yi masa sharhi, Dasuƙi ya zo ya yi wa sharhin Dardiri hashiya. Hawa uku ke nan. Risala ma tana da nata, irin su Samaruddani da Fawakihud Dawani. Ɗalibi matani yake ɗauka zuwa gaban malam. Malam kuwa shi ne yake kwana da sharhi, don ya shirya abin da zai biya da safe. Tafsiri shi ne sunan da aka keɓe wa bayanin Alƙur'ani, kamar Jalalaini da ake karantawa da azumi, ko Liya'ut Tawili na Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo.

A wannan sahu kuma akwai littafin taswira, mai nuna ƙasashe da koguna. Akwai littafin nahawu, mai nuna ƙa'idar harshe. Akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi, wanda yake tara kalmomin fanni ɗaya kawai, kamar na likitanci ko na shari'a. Akwai kuma babban nan mai mujalladai da yawa, mai bayani a kan kowane abu bisa jerin abacada, wanda wasu suke kira kundin ilmi. Wannan suna ya kawo mu ga kashi na uku.

NA UKU: WANDA AKE GADA

Yau kalmar kundi ta yi yawo. Muna cewa kundin tsarin mulki, kamar na 1999. Ɗalibin jami'a yana rubuta kundin digiri. Ana cewa abu ya shiga kundin tarihi. Duk ara aka yi. Asalin kundi shi ne tarin takardun malami, warwara ba ɗinki, waɗanda ya rubuta da hannunsa ko ya kwafo daga malamansa tsawon rayuwarsa. A ciki akwai addu'o'i da fa'idoji da laƙani, akwai magunguna, akwai mas'alolin da ya ji a bakin manya, akwai ijaza da salsalar malamansa, akwai waƙoƙi da ajami. Wani lokaci a gefen shafi za ka ga ya rubuta ranar da aka haifi ɗansa, ko shekarar da ya baro gida, ko bashin da ke tsakaninsa da wani. Ana haɗa su a tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka, a rataye.

To, jama'a, ga inda maganata ta dosa. In ƙamus ya yage, da kuɗi za a sayo wani. In Risala ta ɓace, mai sayar da littattafai a ƙofar masallaci yana da ita, in babu a aiko da ita daga kasuwar Kurmi ta Kano. Kundi kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. Ran da ya tafi, ya tafi ke nan.

Kuma kun san ƙasar da muke zaune. Wannan ba Katsina ba ce, inda takarda za ta shekara ɗari a bushe. Nan damina doguwa ce, danshi yana shiga akwati, tawada ta jiƙe, shafi ya manne da shafi. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera, ga ɗakunanmu a cushe, ga gobara Allah ya kiyaye. Abin da ya fi waɗannan duka ɓarna shi ne rashin sani. Malami ya rasu, magada ba su yi karatun ba, sai a kasa takardun kamar ana kasa goro, wannan ya ɗebi rabi, wancan ya ɗebi rabi. Alhali tsofaffin takardun nan ba su da lambar shafi. Abin da marubuci yake yi shi ne ya rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. In an raba su an tsinka wannan sarƙa, kowa ya tashi da abin da ba zai karantu ba.

Kada mu ɗauka Sabo ba ta da irin wannan dukiya. Unguwar da fataken shanu da na goro suka kafa, malamai suna biye da su tun farko. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kan Sabo a 1969, kuma ya yi magana mai tsawo a kan malaman unguwar da matsayinsu a wurin 'yan kasuwa. Shi baƙo ne, ya rubuta abin da ya gani da wanda aka gaya masa. Abin da kakanninmu suka rubuta da hannunsu fa, yana ina? Yana cikin gafakokin nan da suke rataye a ɗakunan da ba a buɗewa.

Masu ilmin zamani sun daɗe da gane darajar irin waɗannan takardu. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, mota ɗaya ce daga Mokola in ka bi ta Sango. Tun shekarun 1950 ɗakin karatunta ya fara tara rubuce-rubucen Larabci daga Arewa. A 1964 aka buɗe wata cibiya a can musamman don wannan aiki, inda akan aro littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa, a mayar masa da abinsa. A Kaduna akwai Gidan Arewa, a Sakkwato akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. In jami'a ta ga ya dace ta aika mutane har Sakkwato neman takarda, mu da muke da ita a ƙarƙashin gado ba mu da hujjar barin gara ta cinye.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ba zan sauka ba sai na ajiye roƙo huɗu a gaban shugabanni da iyaye.

Na ɗaya, kowane gida mai ɗan makaranta ya mallaki ƙamus na Hausa ko da guda ɗaya. Littafin darasi na shekara ɗaya ne, ƙamus kuwa wa zai yi amfani da shi ya bar wa ƙane. A ajiye shi inda hannun yaro zai kai, kada a kulle a akwati don gudun ya yi datti.

Na biyu, ƙungiya ta nemi ɗaki ɗaya, ko da kabad biyu ne a ciki. Littattafan dubawa suna da tsada, ba kowa zai iya saye ba, kuma ba kullum ake bukatarsu ba. Irinsu ne suka dace da tarayya. A sa ƙamus na Hausa, na Larabci, na Turanci, na Yarbanci, a sa manyan sharhohi da littafin taswira. A kafa doka ɗaya: littafin karatu a ba da aro, littafin dubawa ba ya fita daga ɗakin. Attajiranmu da suke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe.

Na uku, duk gidan da yake da kundi ya fito da shi bayan damina, a shanya a inuwa inda iska take kaɗawa, kada a sa a rana. Kada a naɗe shi a leda, domin leda tana riƙe danshi. Kada a manna masa salatif. A samu ɗalibi mai karanta ajami da rubutun Magaribi ya zauna da mai gidan, su rubuta jerin abin da ke ciki, sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, bi da bi, ba tare da an hargitsa jerin ba. Na san akwai abin da malami ba ya son kowa ya gani. Wannan hakkinsa ne da na iyalinsa, ba mai tilasta musu. A ɗauki hoton, iyali su riƙe abinsu. Abin da ake gudu shi ne ya salwanta.

Na huɗu, ga malamanmu masu raba gado, Allah ya ƙara muku lafiya: ku fi kowa sanin hukunci, ni tuni kawai nake yi. In an zo kan kundi, a duba yadda za a yi masa ƙima a bar shi a dunƙule a hannun wanda zai iya karanta shi, a biya sauran magada hakkinsu ta wata hanya.

Ku kuma yaranmu, aikinku mai sauƙi ne. Yau in kun koma gida, ku ɗauki kowane littafi da ke ɗakin ku tambayi mahaifinku ko kakarku, wannan mene ne sunansa? Saukewa ake yi, ko dubawa, ko gadonsa aka yi? In ba su sani ba, ku je wurin malam. Gemu ba ya hana ilmi, ƙuruciya ma ba ta hanawa.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya albarkaci zuriyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba mu ilmi mai amfani.